Kusurwar da Ba a Takawa

Dutsen farko ya faɗo ne ana saura kaɗan a kira sallar magariba. Mai Kafet yana tsugune a tsakar gida yana naɗe tiyo, ruwan kumfa na bi ta ƙarƙashin takalminsa zuwa rariya. Kafet bakwai ne a shanye a kan ƙarafunan da ya sa aka kafa a jikin katanga, kowanne da 'yar takardar mai shi a maƙale a gefe, da rubutun 'yarsa. Iska ta tsaya cak. Ko kajin maƙwabta sun yi tsit. Sai ga shi, tim, a kan jan kafet ɗin tsakiya, ya gangaro ya tsaya daf da gwiwarsa.

Ya ɗauka ya juya shi. Dutsen a jiƙe yake, da ɗumi kamar yanzu aka fito da shi daga bakin wani, kuma yana warin da hancinsa ya sani, warin maganin tabo.

Ya miƙe ya fuskanci katanga. "Wane marar tarbiyyar ne? Kayan mutane ne a nan! In na kama yaro sai uwarsa ta kasa gane shi!"

Wasu duwatsu uku suka biyo baya, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta kan katanga suka zo ba. Daga sama suke saukowa a miƙe, a hankali, kamar wani ne a tsaye a kan gidan yana sakin su. Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta dubi sama, ta dube shi.

Ta ce, "Baban yara, shigo ciki. Magariba ce."

Ya ce, "Aikin yayanki ne. Shi ya turo su."

Yayan nata shi ne dilan da duk masu sana'ar wanke kafet a garin suke sayen kaya a wurinsa: injuna, burushi, tiyo, sabulun ruwa, magunguna kala-kala a jarkoki. 'Yarsu tana ce masa Kawu, shi kuwa Mai Kafet tun ranar da suka yi faɗa ya daina ce masa Yaya, sai Dila.

Ga asalin faɗan. Kwana ɗaya kafin jifan, an kira Mai Kafet aiki a wani tsohon gida da magada suke so su gyara su sa haya. A ɗakin barcin marigayin akwai kafet shimfiɗe bango zuwa bango, wanda ya fi shekara talatin ba a ɗaga shi ba, duk ya yi jirwaye. Dila ya ba shi wani sabon magani ya ce ya gwada. To, dokar sana'ar, wadda duk mai hankali yake bi, ita ce ba a zuba sabon magani a tsakar ɗaki. Ana neman lungun da ido ba ya kaiwa, ƙafa ba ta takawa, a ɗiga a can a gani, don in ya ci launi ɓarnar ta tsaya a ɓoye. Mai Kafet ya ture kabad, ya sami kusurwa mai tsabta, gashinta a tsaye lif kamar jiya aka saƙa, ya tsiyaya maganin. Wurin ya yi cuu, ya yi fari fat. Cikin sauri ya kunna injinsa na wankin kafet, ya feshe da ruwan zafi, ya zuƙe.

Tun daga lokacin injin ya ɗauki wani fito siriri, mai ja da tsayawa, mai ja da tsayawa. Washegari ya ɗora shi a mota ya dire a shagon Dila, a gaban masu ciniki, ya ce an sayar masa da mushe. Dila ko kallon injin bai yi ba, ya ce, "Yaushe rabonka da wanke ragar tace datti? Kai dai ka iya wanke ƙazantar gidan wasu, ta injinka ta gagare ka." Mai Kafet ya rantse kullum yana wankewa. Aka yi ta musayar baƙaƙen maganganu har sai da mutane suka shiga tsakani. Dila ya tura injin bayan kantar shagon da ƙafa, ya ce zai duba ranar da ya ga dama. A yammacin ranar aka fara jifa.

Rana ta biyu kafet bakwai ɗin suka bushe ƙayau da azahar, ya shafa da hannunsa ya ji. Da rana ta yi ja, ya zo saukewa, sai ya tarar suna ɗiga. Ruwa baƙi ne yake zuba daga gefunansu, irin wanda ake zubarwa daga tankin inji, da gashi da yashi a ciki. Ya tsaya yana kallon wahalar kwana uku tana bin rariya. A lokacin ne ya ji wata murya. Daga cikin tiyon da ke rataye a ƙusa take fitowa, ƙasa-ƙasa, muryar mace wadda ta gaji da kuka.

"Buɗe."

Ya fizgo tiyon ya yi jifa da shi bayan gida. Bai gaya wa kowa ba.

'Yarsa ita kaɗai ta rage a gabansu, shekararta goma sha tara. Ita ke ɗaga waya, ita ke rubuta takardun kafet, ita ke tuna masa gidan da za a je gobe, shi ya sa yake ce mata Sakatariya, sunan ya bi ta har unguwa. Yarinya ce mai baki. In ya dawo da ƙura har gira, sai ta ce, "Baba, kai ma a shanya ka?" A wannan yammacin ya shiga falo ya same ta a kan gwiwoyinta, tana rarrafe a gefen bango, tana ɗaga bakin kafet tana kara kunne. Ta gama wannan kusurwa ta nufi waccan.

Ya ce, "Ke, me kika yar?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da shafa ƙasa da tafin hannu, tana wani ɗan sauti a maƙoshi irin na mai lallashin jariri.

Rana ta uku ta tashi da numfashi da ƙyar. Uwar ta kara kunne a ƙirjinta ta ja da baya. Fito ne a ciki, siriri, mai ja da tsayawa. Mai Kafet yana bakin ƙofa ya ji shi, ya kuma san inda ya taɓa jin sa. Suka kai ta asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa mata abin shaƙa, likita ya ce huhunta garau yake, bai ga abin da ya toshe ba. Suka dawo da ita leɓunanta sun fara duhu. Da magariba duwatsu suka sauko har cikin falo, rufi bai huje ba.

Uwar ta tare shi a ƙofar ɗaki, idonta jawur. "Ka san wani abu. Tun jiya ba ka iya kallonta."

"Ki je ki tambayi yayanki abin da ya zuba a jarkar nan."

"Yaya, Yaya, komai Yaya! Ko tuntuɓe ka yi Yaya ne. Wallahi in yarinyar nan ta mutu, ba zan ƙara kwana ɗaya a gidanka ba."

Ita ta nemo wani Malam mai ruƙiyya, ba ta ko shawarce shi ba. Ya iso washegari bayan la'asar, dattijo ne siriri mai sanyin magana, ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon kafet ɗin da ke ɗiga. Sannan ya shiga falo, inda aka kwantar da yarinyar an lulluɓe ta, uwar na tallafe da kan 'yar. Ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu.

Karatun ya yi nisa ba abin da ya motsa sai fiton ƙirjinta. Hasken taga ya sauka daga bango zuwa ƙasa. Can sai yatsun ƙafarta suka lanƙwashe. Ta tashi zaune ba tare da ta dafa ko'ina ba, ta buɗe ido, kuma duk wanda ke ɗakin ya san ba ita ce ke kallo ta cikinsu ba. Idanun suka wuce Malam, suka wuce uwar, suka tsaya a kan Mai Kafet.

"Ga shi nan," in ji muryar. "Ga ɓarawon."

Malam ya ce, "Da ni za ki yi magana. Wace ce ke, me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Sunana ba naka ba ne. Shekara talatin ina bayan kabad ɗin nan. Mai gidan ya rayu ya mutu bai san da ni ba, ban taɓa ɗaukar masa ko allura ba. Duk faɗin ɗakin na bar musu, na zaɓi inda ba sa takawa. A nan na haihu, a nan nake kwantar da ɗana. Sai wannan ya zo, ya bar duk inda mutane suka tattake, ya nemo wuri ɗaya tak da yake namu, ya zuba wuta a fuskar yaro yana barci."

Mai Kafet ya ce, "Haka ake yi. Ƙa'idar aiki ce. A ɓoye ake gwadawa."

"Don kada mai gida ya gani. Kana tsammani don me mu muka zaɓi wurin?"

Malam ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Ya ce, "Bai gan ku ba. Kuskure ne, kuma yarinyar nan ba ta je gidan ba."

Dariyar da ta fito daga bakin Sakatariya ta sa uwar ta saki kan yarinyar. "Zubawar kuskure ce, na yarda. Tambaye shi abin da ya biyo baya. Ya zuƙe mini ɗa cikin ƙarfen nan, yaro ya maƙale a raga, cikin gashi da ƙura. Ya yi kuka. Wannan ya ji. Ya kashe injin, ya kara kunne, ya ji muryar yaro sarai. Ya ɗaga murfin rabi, tsoro ya kama shi, ya mayar ya danne da bisimilla. Da zai zuba guba bai tuna sunan Allah ba, sai da zai kulle mini ɗa. Abin da aka rufe da sunan nan kuwa ba na iya buɗewa. Sannan ya dubi agogo, ya ga saura rabin ɗaki, ya sake kunnawa. Awa biyu yana ɗura masa ruwan zafi."

Uwar ta juyo a hankali ta dubi mijinta. Bai musa ba.

Malam ya ce, "Me kike so?"

"'Ya a madadin ɗa. Yadda yake shaƙa haka za ta shaƙa, ranar da ya daina ta daina."

"Wannan zalunci ne, kuma kin sani. Ba za ki samu ba."

"To hannun da ya kunna. Ya shanye har kafaɗa."

"Ba kasuwa muka zo ba. Abin da yake naki shi za a ba ki, ɗanki. In kin ƙi, in ci gaba da karatu, ke ki ƙone a nan, shi ya mutu a can ba mai buɗe masa. Zaɓi."

Ya ɗauki karatu da ƙarfi. Jikin yarinyar ya sandare, muryar ta yi ƙara har gilashin taga ya amsa. "Tsaya! Tsaya, tsoho! Na ji." Ta yi haki. "A kawo shi nan a rufe, shi da ya rufe ya buɗe da hannunsa, kafin rana ta faɗi. In na ɗauki ɗana na rantse zan fita ba zan dawo ba. Amma ku sani, shagon can ba na iya shiga, mai shagon ko ƙusa zai ɗauka sai ya ambaci sunan. Daga bakin ƙofa nake kallo. Yanzun nan ya jawo injin daga bayan kanta yana warware waya. In ya kunna sau ɗaya, ɗana ba zai kai ba. Ita ma haka."

Mai Kafet ya zaro waya ya kira Dila. Ta yi ta ƙara aka katse. Ya sake, aka katse. Uwar ta kira da tata, ita ma aka katse, don Dila ya san ƙanwar tasa sulhu take nema. Mai Kafet ya fita ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Bai san yadda ya ratsa cunkoson yamma ba. Ya bar motar a karkace a bakin titi, ya kutsa cikin shagon, tsakanin jerin jarkoki da injuna sababbi a cikin leda. Dila na tsugune a ƙarshen shagon, ya cika tankin da ruwa, filogi a hannunsa, tsakaninsa da soket bai fi taku ɗaya ba. Masu sana'a uku na zaune a benci suna jiran kaya.

"Kada ka kunna!"

Dila ya waiwayo, ya dube shi sama da ƙasa. "A'a, mai mushe ne da kansa. Ka ce in gyara, yanzu kuma kada in kunna? Da tofi zan gwada shi?"

"Ba ni injina."

"Ka dire shi a gaban mutane, ka ce ni macuci ne. Yau a gaban mutane zan kunna shi, in buɗe ragar, kowa ya ga waye maƙaryaci." Ya miƙa hannu wajen soket.

Mai Kafet ya faɗi a kan gwiwoyinsa ya riƙe wayar da hannu biyu. Mutumin da ko gaisuwa sai an fara yi masa, ga shi a ƙasa cikin ruwan sabulu.

"Yaya. Ni ne maƙaryacin. Wata huɗu ban taɓa ragar nan ba. Injinka lafiya lau yake. Akwai rai a ciki, na ji kukansa na ci gaba da aiki. In ka kunna, 'yar ƙanwarka za ta mutu."

Na kan benci suka dubi juna, ɗaya ya fara murmushi ya fasa. Dila ya sunkuya ya kara kunne a jikin injin da ba a haɗa da wuta ba. Abin da ya ji bai faɗa ba, amma filogin ya suɓuce daga hannunsa.

Ya ce, "Kama can. Ba don kai ba."

Su biyu suka shigo da shi falo, rana ta rage kamar faɗin tafi a kan katanga. Yarinyar na kwance, fiton ya koma siriri ƙwarai, tsakanin ja da ja har mutum ya ƙirga biyar. Idanun nan suka buɗe suka kafe injin. Malam ya yi nuni da kai.

Mai Kafet ya durƙusa, ya ɓalle maƙullan murfin guda biyu, ya ce bisimilla, ya ɗaga. Wari ya bugi ɗakin. Ragar ta toshe da dunƙulen gashi da zare da ƙura, baƙi ƙirin, ya kai girman kan jariri. Ya sa hannu biyu ya ciro shi. Da ɗumi. Kuma a tafinsa ya ji abin yana ɗagawa yana sauka.

Hannuwan Sakatariya suka miƙo, ya ɗora musu. Ta rungume dunƙulen a ƙirji, tana wannan sauti na lallashi, tana tsince zaren ɗaya bayan ɗaya. Can muryar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Idonsa ɗaya ya tafi."

Malam ya ce, "Kin yi rantsuwa."

"Na yi, kuma zan cika. Amma kada ya ɗauka yafewa ce. Na bar shi da wanda ya ji kukan tare da shi."

Malam ya yi karatu a ruwan gorar ya yayyafa. Ƙafar yarinyar ta hagu ta yi rawa, ƙaramin yatsan ya miƙe, ya saki. Labule ya ɗaga ba iska. Dunƙulen da ke ƙirjinta ya rushe ya zama ƙura kawai, ta zube a kan zanen. A waje, ɗigar kafet ta tsaya. Daga nesa aka fara kiran salla.

Sakatariya ta ja numfashi, dogo, mai faɗi, ba fito a cikinsa. Ta sake ja. Uwar ta fashe da kuka ta kifa kai a kafaɗarta. Mai Kafet ya ruga kicin ya ɗebo ruwa a kofi, ya durƙusa a gabanta.

"Sakatariyata. Sha, uwata. Sha kaɗan."

Ta dube shi, kuma wannan karon idanunta ne. Muryarta ce, a dushe.

"Ina can tare da shi, Baba. Duk abin da ya ji tun ranar farko na ji. Da ka ɗaga murfin nan haske ya shigo, muka ga fuskarka. Muka ce ga shi an zo ceto. Sai ka mayar ka danne."

Kofin na nan a miƙe tsakaninsu. Ta kawar da kai ta dubi bayansa.

Ta ce, "Kawu, ba ni ruwa."